Raƙuman Ruwa na Busua

Ni ɗan tudu ne, jikan 'yan tudu. Kakan mahaifina ya baro Kano cikin ayarin fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro, ya yada zango a Salaga, daga bisani zuriyarsa ta gangaro kudu, kuma a zangon Kumasi aka yanke mini cibiya. Ruwan da na sani ina yaro shi ne na famfo da na rijiya, sai na sama idan ya sauko ya cika kwatoci. A gidanmu ba a koya wa yaro iyo, gargaɗi ake yi masa. Inna takan ce ruwa ba shi da reshen da mutum zai kama, kuma duk ranar da aka kawo labarin wani ya nutse a wani wuri sai ta tara mu ta maimaita mana wannan magana. Sau ɗaya aka kai mu tafkin Bosumtwi daga makaranta, wanda yake kudu maso gabashin Kumasi da tazarar kilomita kamar 30, na ga masunta zaune a kan faskaren katako suna tuƙa shi da hannuwansu har tsakiyar ruwa. Na tsaya can nesa ina kallonsu, ban yarda ko tafin ƙafata ya jiƙe ba.

Aiki ne ya kai ni Takoradi bayan na haura shekara 30. Na yi shekara biyu a garin ina jin rugugin teku da daddare ba tare da na taɓa taka bakinsa ba, har ranar da wani abokin aikina ya roƙe ni in raka shi ƙauyensu. Muka bi hanyar yamma zuwa Agona Nkwanta, muka karya kudu, bayan tafiyar kilomita kamar 30 daga Takoradi muka iso Busua, garin masunta na ƙasar Ahanta wanda yake kwance tsakanin Butre da Dixcove. Rairayin wurin yana da faɗi da tsawo, bishiyoyin kwakwa sun jeru a bayansa, kwalekwale masu fenti kala-kala suna kife a kan tudu, can cikin ruwa kuma ga wani ɗan tsibiri da ake kira Abokwa. Abin da ya tsayar da ni yara ne, waɗansu ba su kai shekara 10 ba, kowanne riƙe da ɓallin katakon tsohon kwalekwale. Sukan shiga har ruwa ya kai musu ƙirji, su juya baya su jira, idan kumfa ta taso sai su kwanta a kan katakon ta kwaso su da gudu har bakin rairayi, suna ihu suna dariya. A bayansu, inda ruwan ya fi zurfi, na hango wani saurayi ya miƙe tsaye a kan dogon allo, yana tafiya a gicciye a jikin ruwan da ya tashi kamar bango, bangon kuma yana rushewa a bayansa yana binsa bai cim masa ba. Gani ya kori ji. Na koma Takoradi a daren nan ban iya tunanin komai ba sai wannan tsayuwa.

Harshenmu ya riga ya yi wa abin suna tun kafin in san shi. Muna cewa igiyar ruwa, muna cewa taguwar ruwa, idan kuma ta girma ta firgita mutane mu ce raƙuman ruwa. A ganina wanda ya fara kiransu raƙuma ya kalle su da idon basira, domin haka suke zuwa, a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tozonsa, kamar ayarin da ya fito daga nesa. Saboda haka idan 'yan uwa suka tambaye ni abin da nake yi a Busua kowane ƙarshen mako, nakan ce musu hawan raƙuman ruwa nake koyo, kuma abin da ake hawa da shi allo nake kiransa, tun da a siffa bai yi nisa da allon da muka riƙe a makarantar Malam ba, sai dai wannan ya fi ni tsawo.

Ban fara da allo ba. Saurayin da na gani a tsaye, wanda daga baya ya zama mai koya mini, ya ƙi ba ni aron komai sai na iya iyo, kuma har yau ina gode masa a kan wannan ƙin. Na yi wata huɗu ina koyon iyo a ruwa maras zurfi, ina koyon yadda ake fitar da numfashi a cikin ruwa, da yadda mutum zai kwanta rigingine ya saki jiki ruwan ya ɗauke shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, domin jikin da aka raina da tsoron ruwa ba ya yarda ya saki kansa cikin sauƙi. Sai bayan haka aka ba ni allon masu koyo, mai taushi, mai tsawon ƙafa 8, da igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu don kada allon ya tsere idan an faɗi. Aka koya mini goga masa kaki don kada ƙafa ta zame. Aka sa ni in kwanta a kansa a kan rairayi, in dafa tafukan hannu a gefen ƙirji, in tashi tsaye da motsi guda, ƙafar hagu a gaba, gwiwoyi a lanƙwashe, ido yana kallon inda za a je. Ya ce mini duk wanda ya kalli ƙafarsa zai faɗi, kuma na tabbatar da gaskiyar hakan sau da yawa.

Ranar da na fara tsayuwa tana nan a zuciyata dalla-dalla. Safiya ce, ruwa ya fara cikowa, igiyar ba ta wuce ƙuguna ba. Na ji ya kira ni daga baya yana cewa in tuƙa, na sa hannuwa cikin ruwa da iya ƙarfina, sai na ji bayan allon ya ɗaga, nauyin da nake ja ya ɓace gaba ɗaya, allon ya fara gudu da kansa. Na miƙe. Ban fi daƙiƙa biyar ko shida a tsaye ba, amma a cikinsu ban ji ƙarar komai ba sai wani siririn sauti na ruwa yana tsagewa a ƙarƙashin ƙafafuna. Da na faɗa cikin kumfa na taso, sai na ji bakina yana ta faɗin Alhamdulillahi ba tare da na yi niyya ba, hawaye kuma sun gauraya da ruwan gishiri a fuskata. Na hau doki a hawan salla, na yi gudu a kan babur, amma a duka biyun na san daga inda ƙarfin yake fitowa, kuma linzami yana hannuna. A nan babu inji, babu dabba, babu gangare. Wani abu ne da ba ni na tayar da shi ba ya ɗauke ni, ya yi tafiya da ni, ya sauke ni a lokacin da ya ga dama.

Inna ba ta ji daɗin labarin ba. Ta yi shiru a waya na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Ɗan nan, me ka rasa a tudu da za ka je nemansa a cikin teku?” Ban sami amsar da zan ba ta ba a lokacin, kuma maganarta ta zauna mini a rai, har na tafi wurin limamin unguwarmu a Takoradi, dattijo mai sanyin magana. Na ce, “Allah gafarta Malam, wani abu na shiga wanda yake faranta mini rai ƙwarai, amma ina tsoron kada ya zama wasan banza ko jefa kai ga halaka.” Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambaya uku: ko abin yana sa ni jinkirta salla, ko ina suturta al'aurata a wurin, ko na iya ruwa gwargwadon da zan fid da kaina. Da na amsa, sai ya tuna mini hadisin da ke cikin Muwaɗɗa na Imamu Malik, inda wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku, aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ya ƙara da maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Daga ƙarshe ya ce in je, amma in riƙa kiran mahaifiyata duk lokacin da na fito, domin hankalinta ya kwanta. Shekara shida ke nan ban fasa wannan kira ba.

Ba na kiran hawan igiyar ruwa ibada, kuma ba na jin daɗi idan na ji waɗansu baƙi suna cewa teku shi ne wurin bautarsu. Ibada tana da siffarta da lokacinta, an kuma koya mana su. Abin da teku ya ba ni shi ne tafakkuri, wato damar kallon halitta da natsuwa har ta nuna wa mutum Mahaliccinta, kuma ya ba ni shi ta hanyar da ban zata ba, ta hanyar jira. Wanda yake kallo daga rairayi yana zaton masu allo hawa suke yi koyaushe. Gaskiyar ita ce a cikin awa biyu da nake yi a ruwa, idan aka tara lokacin da nake a tsaye da ƙyar zai kai minti biyu. Sauran duk tuƙi ne da zama. Mutum yakan wuce inda igiyoyi suke karyewa, ya zauna a kan allonsa ƙafafu a cikin ruwa, ya fuskanci kudu, ya zuba wa sararin ido. Babu waya a hannunsa, babu wanda zai aike shi, babu abin da gaggawarsa za ta ƙara ko ta rage. A wannan zama ne na gane cewa na shafe shekaru ban yi minti goma a jere ina kallon abu ɗaya ba. A nan kuma harshena ya koma ga tasbihi da kansa, yana tafiya daidai da ɗagawar ruwa da saukarsa.

Da na nemi sanin daga inda raƙuman suke fitowa, sai jiran ya ƙara nauyi a wurina. Idan mutum ya zauna a Busua ya miƙa ido kudu sak, babu wata ƙasa a gabansa sai Antatika, nahiyar ƙanƙara. Can a kudancin tekun Atlantika, fiye da kilomita 5,000 daga inda nake zaune, ake yin manyan guguwoyi, musamman a lokacin sanyinsu, wanda ya yi daidai da damina a wurinmu. Iska takan daki fuskar ruwa kwana da kwanaki, ta zuba masa ƙarfi, ƙarfin nan kuma ya kama hanya zuwa arewa. A kan hanya ƙananan igiyoyi marasa tsari sukan mutu, dogaye su wuce gaba su jeru, har ya zama tsakanin ɗaya da mai bi mata akwai daƙiƙa 12 zuwa 15. Tafiyar takan ɗauki kwana biyar ko fiye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan kansa ba ya yin wannan tafiya. Kowane ɗigo yana kewayawa ne a wurinsa, ya ɗaga ya sauka, ya miƙa ƙarfin ga na gabansa, kamar yadda ake miƙa bulo daga hannu zuwa hannu a wurin gini. Sai igiyar ta iso inda ƙasa ta taso, zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayinta, sannan gindinta ya rage gudu, kanta ya rinjaya gaba, ta karye. Wato abin da nake hawa na daƙiƙa goma numfashin ƙarshe ne na wata iska da ta kaɗa a wurin da ba zan taɓa gani ba, a ranar da nake zaune a ofis ban san ana shirya mini komai ba.

Tun ina yaro nake jin ana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin abin da ake faɗa wa wanda ya rasa don a rarrashe shi. A kan allo na fahimce ta daban. Igiyar da aka rubuta mini za ta zo, ba ni da ikon kiranta, ba ni da ikon ƙara mata taƙi ɗaya. Amma idan ta zo ta same ni a wurin da bai dace ba, ko na makara wajen juyawa, ko hannuwana ba su da ƙarfin tuƙi domin na yi sakaci da motsa jiki, za ta wuce ta ƙarƙashina ta karye ba tare da ni ba. Dole in tashi tun asuba, in duba lokacin cikar ruwa, in karanta inda rairayin ƙasa ya taru, in tuƙa da dukkan ƙarfina kamar komai a hannuna yake, sannan a daidai lokacin da allon ya kama gudu in daina tuƙi in bar abin da ya fi ni ƙarfi ya yi aikinsa. Wanda ya ƙi tuƙi ba zai hau ba, wanda kuma ya ƙi dainawa ba zai miƙe ba. Malamai sun yi mana bayanin tawakkali da riƙon sababi tun muna zaune a kan buzu, amma sai a Busua jikina ya koyi abin da kunnena ya daɗe da ji.

Ko lissafin wata ya dawo mini da rai. Teku yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, domin wata ne yake jan ruwan. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a daren sha huɗu, cikar ruwa takan fi girma, janyewarsa ma ta fi nisa. A da ba na neman sanin kwanan wata sai azumi ya gabato. Yanzu kowane dare nakan ɗaga kai in dube shi, in san nawa ga wata muke, in kuma san yadda zan sami bakin teku da safe.

Akwai ranar da teku ya nuna mini ɗaya fuskarsa. A watan Yuli ne, ruwa ya yi sanyi kamar yadda yakan yi a wannan lokaci, raƙuman kuma sun fi waɗanda na saba da su girma. Na yi kuskuren shiga alhali zuciyata tana gaya mini in haƙura. Wata igiya ta karye a kaina, ta danna ni ƙasa, ta juya ni har na kasa bambance sama da ƙasa, kuma ina tasowa na shaƙi iska sau ɗaya sai ta biyu ta rufe ni. Duhu ne a wurin, da ƙara, da yashi a cikin ido. A Suratun Nur an kwatanta duffai na teku mai zurfi, igiya a kan igiya, a samansu girgije, har mutum ba ya iya ganin hannunsa. A Suratu Luƙman kuma an ba da labarin waɗanda idan igiya ta lulluɓe su kamar inuwoyi sukan kira Allah da zuciya ɗaya. Na haddace waɗannan ayoyi ina ɗan shekara 12 a garin da babu teku. A ƙarƙashin ruwan nan na san cewa da ni ake. Babu mukami a wurin, babu albashi, babu sunan gida, babu kowa a bakina sai Shi. Na tuna abin da aka koya mini, na rufe kaina da hannuwa, na daina kokawa, na bar ruwan ya gama abin da yake yi, sai ya sake ni na taso.

Ban gama farfaɗowa ba na lura cewa rairayi yana nisa da ni. Na faɗa cikin magudanar da ruwan da igiyoyi suka tara a baki yake bi ya koma ciki, wadda take ja da ƙarfin da ba mai iyon da zai iya fuskantarta kai tsaye. Mai koya mini yana can gefe yana nuna mini gabas da hannu, na tuna cewa irin wannan magudana ba ta da faɗi, a gicciye ake fita daga cikinta. Na tuƙa a layi ɗaya da gaɓa har na ji jan ya sake ni, wata kumfa ta kwaso ni zuwa tudu. Na daɗe zaune a kan yashi jikina yana rawa. Ayar Luƙman ba ta tsaya a kiran da ake yi cikin ruwa ba, ta ci gaba da faɗin abin da mutane suke yi bayan an tsirar da su zuwa tudu, cewa waɗansu suna tsayawa a kan alkawari, waɗansu kuma suna mantawa. Wannan rabin na biyu shi ne yake bina har yau, a kasuwa da ofis da cikin gida, fiye da tsoron da na ji a ranar.

Lokacin da na fi ƙauna shi ne hunturu. Iskar da take tasowa daga hamada, ta bi ta Agadas da Katsina da Kano tana fasa leɓɓa da dugadugai, ita ce take isowa gaɓar Gana a watannin Disamba da Janairu, ta riga ta gaji, tana ɗauke da ƙura. Da yake daga tudu take busowa zuwa cikin teku, sai ta riƙa tallafar fuskar igiya tana hana ta rushewa da wuri, ta share ta ta yi sumul kamar madubi. Raƙuman hunturu ƙanana ne, amma babu masu kyansu. Nakan yi sallar asuba, in sa dogon wando da riga mai kama jiki, in shiga ruwa kafin ƙarfe 6, rana kuma ta fito ja wur a cikin hazo, ana iya kallonta ido da ido. Ruwan yana da ɗumi, iskar tana da sanyi, kuma a cikinta nakan ji ƙamshin ƙurar da kakannina suka shaƙa. A irin wannan safiya ina zaune tsakanin abu biyu da suka yi doguwar tafiya, ɗaya daga ƙasar ƙanƙara, ɗaya daga ƙasar rairayi, sun haɗu a daidai inda allona yake.

Mutane da yawa a zango suna ce mini wannan wasan Turawa ne. Ina fahimtar dalilinsu, domin a hotuna haka ake nuna shi, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Mutanen tsibiran Hawai, a tekun Fasifik, su ne suka kai wannan fasaha ƙololuwa, sarakunansu suna hawa dogayen alluna na musamman, kuma mutanen jirgin Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, sun rubuta abin da suka gani a can a 1779. Daga baya wani ɗan Hawai, Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, ya yaɗa ta zuwa Amurka da Ostareliya, har aka shigar da ita Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Sai dai tun a shekarun 1640 wani Bajamushe mai suna Michael Hemmersam ya rubuta yadda ya ga yara a kan alluna cikin ruwa a wannan gaɓa tamu, a 1834 kuma wani Bature, James Alexander, ya ga yaran Ankara, wato Accra ta Gana, suna shiga teku da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kawo su baki. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara irin waɗannan shaidu. Yaran da na gani ranar farko da ɓallin kwalekwale gadon iyayensu suke ci gaba da shi. Daga cikin ruwa kuma, idan na dubi yamma, na san cewa bayan tudun nan akwai ganuwar Metal Cross ta Dixcove, wadda Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, ɗaya daga cikin gidajen da aka yi cinikin mutane a cikinsu. Tekun da yake faranta mini rai shi ne ya tafi da waɗansu bai dawo da su ba, cikinsu har da 'yan arewa da aka gangaro da su ta hanyoyin da fatake suka bi. Nakan yi musu addu'a a can bayan igiyoyi.

Masuntan Busua, kamar sauran masuntan gaɓar Gana da dama, ba sa fita su ranar Talata. A ranar suke gyaran taru da kwalekwale, teku kuma ya huta. Dalilinsu na gargajiya daban yake da aƙidata, amma na koyi ladabi daga gare su. Ba su taɓa magana a kan teku da raini ba, ba sa juya masa baya idan suna tura kwalekwale, kuma dattijonsu yakan tsaya ya dube shi na tsawon lokaci kafin ya ce a shiga ko a fasa. Idan na fito na tarar suna jan taru daga baki, nakan ajiye allo in kama igiyar tarun tare da su, a ba ni kifi biyu ko uku in kai gida.

Bara Inna ta zo Takoradi ganin jikokinta, na roƙe ta har ta yarda ta bi ni Busua. Ta ƙi matsowa kusa da ruwa. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin kwakwa, ta zauna da carbinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda iska. Na shiga na hau igiya huɗu ko biyar, ƙanana, kuma duk lokacin da na miƙe ina hango ta ta daina jan carbin, sai na sauka lafiya ta ci gaba. Da na fito na durƙusa a gabanta ina ɗiga, ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini butarta ta ce in ɗebo mata. Ta zuba kaɗan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska saboda gishiri, ta tambaye ni wace ƙasa ce a ƙetare. Na ce mata babu kowace ƙasa sai ta ƙanƙara, can ƙarshen duniya, kuma daga wajen can waɗannan raƙuma suke tasowa. Ta sake duban ruwan, ta ce, “Ikon Allah.” Da la'asar ta yi, da ruwan butar nan ta yi alwala, sannan ta sa na cika mata wata gora ta roba, ta ce za ta kai wa maƙwabciyarta a Kumasi wadda ba ta taɓa ganin teku ba.